Rotari ko Mai Juyi Biyu: Wane Injin Goge Fenti Ya Dace da Motocin Abuja?

Mai wankin mota da ke son ƙara aikin folish a kan wanki, da mai motar da ya gaji da ganin baƙar motarsa ta koma toka-toka a rana, tambaya ɗaya ce ke tare su a gaban mai shago: rotari za a saya, ko mai juyi biyu da ake kira DA? Mai shago zai miƙo abin da yake da shi. Mai fenti a Apo, unguwar makanikai ta Abuja, zai ce rotari, domin da shi ya koyi aiki a hannun maigidansa. Mu kuwa shawararmu ita ce, wanda ba feshin fenti ne sana'arsa ba ya fara da DA, kuma dalilin yana jikin motocin da ke yawo a garin nan, musamman a yawan kiliyar da ta rage musu, wato ruwan sheƙin da ke saman fenti.

Abin da inji ke ci

Fentin da mota ke fitowa da shi daga kamfani hawa-hawa ne. Akwai na ƙasa mai hana tsatsa, sai firaima, sai launi, sai kiliya a sama, wato ruwan nan marar launi mai ba da sheƙi. Kaurinsu gaba ɗaya yakan kama daga maikiron 100 zuwa 180, kuma maikiron 1,000 ne ke yin milimita ɗaya. Kiliyar kaɗai ba ta cika wuce maikiron 35 zuwa 50 ba, wato ba ta wuce rabin kaurin takardar firinta ba.

Gogewa ba ta cike karce. Inji da man gogewa suna cin kiliyar da ke kewaye da karcen ne har ta sauko daidai da gindinsa, sai haske ya daina karyewa a wurin, ido ya daina gani. Abin da aka ci kuwa ya tafi ke nan. Man gogewa mai laushi yakan ɗebe maikiron 1 zuwa 3. Mai kaushi a kan soson ulu yana iya cin 5 ko fiye a zama ɗaya, sanfefa ta fi haka. Sinadarin da ke kare launi daga rana a cikin kiliyar yake, shi ya sa masu sana'ar ba sa son a ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu nata a duk tsawon rayuwar mota. Ka lissafa: maikiron 9 zuwa 12 ne kawai jarin da kake da shi.

To, wace mota ce za ta shigo maka? Yawanci tokumbo ce da ta yi shekara goma ko fiye a Amurka ko Turai, wata an buge ta can an gyara ta a Kwatano ko Legas, ƙofa ɗaya fentin kamfani, ta kusa da ita an sake fesawa. Ta sha ranar Maris da Afrilu a fili. Kowace safiyar hunturu maigadi ya share mata ƙura da busasshen tsumma, an wanke ta da Omo da soso ɗaya daga taya har rufi, ruwan bohol ya bushe a jikinta ya bar tabo. Ba wanda ya san sau nawa aka sa mata inji kafin ta iso hannunka. A irin wannan mota, injin da ke yafe kuskure ya fi injin da ke da sauri daraja.

Yadda kowanne yake aiki

Rotari juyi ɗaya yake yi, faifai yana zagaye sandarsa kai tsaye, kuma motar lantarkin da ke cikin injin ce ke tilasta juyin, ko ka danna ko ba ka danna ba. Misalin da aka fi sani shi ne Makita 9237C, mai ƙarfin wat 1,200, wanda ke kai wa juyi 3,200 a minti, da DeWalt DWP849X. Gefen faifan ya fi tsakiyarsa gudu nesa ba kusa ba, don haka ci da zafi duk a baki suke taruwa. Wannan ne ƙarfinsa, wannan ne kuma haɗarinsa.

DA yana juya faifai, a lokaci guda kuma yana kaɗa shi a ƙaramin zagaye. Faɗin wannan kaɗawar ne ake rubutawa a jikin kwali: milimita 8, 15 ko 21. Motar injin tana tilasta kaɗawar ce kawai, juyin kuwa sake yake, saboda haka idan ka danna da yawa ko ka hau kan kusurwa, sai faifan ya daina juyawa, cin ya ragu. Sabon hannu yakan ɗauka lalacewa ce, alhali wannan tsayawar ce ke hana shi ƙona fenti. Masu milimita 15 da 21 kamfanin Rupes na Italiya ne ya shahara da su, injinansu na wat 500 ne, yanzu kuma kamfanonin Sin suna yin irinsu da sauƙin kuɗi. Akwai na uku a tsakani, mai giya a ciki da ke tilasta juyi da kaɗawa gaba ɗaya, irin Flex 3401 na Jamus. Ba ya tsayawa a kusurwa, yana ci fiye da DA na gama-gari, amma yana jan hannu kuma bai kai shi yafiya ba.

Wani abu da ake gani a wasu wuraren wanki ya kamata a faɗe shi a fili. Injin yankan ƙarfe na masu walda ba injin folish ba ne, ko da an ɗaura masa ulu. Ƙaraminsa yana juyi kusan 11,000 a minti, aikin fenti kuwa tsakanin 600 da 1,800 ake yin sa. Cikin daƙiƙa kaɗan zai huda kiliya ya isa launi. Kada ka yarda a kusanto da shi jikin motarka.

Ci, zafi da abin da ake bari a baya

A wajen ci, rotari da ulu da man kaushi ba shi da na biyu. Sawun sanfefa mai lamba 1500 ko 2000 bayan sabon feshi, kiliya mai tauri irin ta yawancin Mercedes, Audi da Volkswagen, fentin da ya yi fari fat da tsufa, duk rotari yana gama su cikin rabin lokacin da DA mai milimita 8 zai ɗauka. Amma tazarar ta ragu sosai tun da aka sami masu milimita 15 da 21 da kuma soso mai fuskar maikirofaiba. Da wannan haɗin ana cire sawun sanfefa 3000 cikin sauƙi, da mafi yawan karcen wanki ko da ya yi zurfi.

Zafi shi ne inda suka rabu da gaske. Rotari idan ya tsaya wuri ɗaya, ko aka karkata shi bakinsa ya ɗauki nauyin injin duka, fenti yana yin laushi ya murɗe ko ya huje. Wuraren da aka fi yin ɓarna sanannu ne: bakin ƙofa, layin da ya taso a tsakiyar bonet, bakin madigadi, gefen murfin tanki. A nan fenti ya fi siranta tun daga kamfani, domin ruwan fenti yana janyewa daga kaifi kafin ya bushe. Sai bamba. Roba ba ta watsa zafi kamar ƙarfe, yana taruwa ne a ƙarƙashin soso, sai ka ga fenti ya tattare ba tare da gargaɗi ba. Haka wurin da aka cika da fila, wato ƙullun da masu gyara ke cike lotsewar mota da shi. DA ma yana iya huda fenti mai siranta idan aka dage masa a kaifi, sai dai yana ba ka lokacin lura.

Abu na uku shi ne fuskar da ake bari. Rotari yakan bar sawunsa, layuka masu walƙiya da ke bin ka idan kana zagaya mota a rana. A cikin rumfa ba a ganinsu. Man gogewa da yawa suna ɗauke da maiƙo mai ɓoye su, sai mai mota ya biya ya tafi yana murna, bayan wanki biyu ko uku maiƙon ya fita, baƙar Camry ta fito da layuka daga bonet har but. Gwani yana iya gamawa da rotari ba sawu, da soso mai laushi da juyi ƙasa da 1,000, amma a kan kiliya mai taushi irin ta baƙar Toyota da Honda aiki ne mai wuya har ga gwanin. DA ba ya barin wannan sawun, domin ba ya bin layi ɗaya sau biyu. Nasa aibin shi ne ɗan hazo idan aka tsaya a soson maikirofaiba, wanda zagaye ɗaya da soso mai laushi ke kawarwa. Shi ya sa masu rotari da yawa suke ci da rotari su gama da DA.

A wajen gajiya kowanne da nasa. Rotari irin na Makita ya haura kilo 3 kuma yana ƙoƙarin guduwa daga hannu idan faifai bai kwanta daidai ba. DA ya fi sauƙin riƙewa amma yana girgiza, mai araha kuwa yakan sa yatsu su mutu bayan awa biyu.

Kafin a kunna kowanne

Na'urar auna kaurin fenti ta fi kowane soso muhimmanci, kuma ita ce aka fi mantawa a saya. Auna wurare da yawa a kowane sashe. Ka buɗe ƙofa ka auna cikin firam ɗinta, inda kamfani ke fesa kiliya kaɗan. Bambancin wannan da na waje zai ba ka kimanin kiliyar da kake da ita. Idan waje ya nuna ƙasa da 80, ka ajiye man kaushi, ka tsaya a mai laushi da DA. Idan ya nuna 250 zuwa 400, an sake fenti. Idan ya haura 600 ko 1,000, fila ce a ƙasa. Kada yawan lambar ya ruɗe ka, na'urar tana auna komai ne a haɗe, kiliyar da mai fenti ya fesa a kan filar tana iya zama 'yar kaɗan. Na'urori masu araha kuma ba sa karanta bamba, ƙarfe da alminiyam kawai suke ji.

Sai gwajin farce. Ja farcenka a kan karcen. Idan ya maƙale, karcen ya yi zurfin da cire shi gaba ɗaya zai cinye kiliyar wurin; a rage masa kaifi kawai a bar shi. Idan ana ganin fari ko toka a gindinsa, ko aka zuba ruwa bai ɓace ba, ya wuce kiliya, sai mai fenti.

Ka ɗan goga mai da farin tsumma a wani lungu. Idan launin motar ya fito a tsumman, fentin ba shi da kiliya. Haka tsofaffin Fijo suke, da tasi kore da yawa da aka sake fesawa, da wasu fararen Toyota masu lambar fenti 040. Irin wannan fenti yana farfaɗowa da kyau da kowane inji, amma yana toshe soso da sauri, don haka ka tanadi soso da yawa.

Akwai cutar da babu injin da ke maganinta. Idan rufi ko bonet ya yi fari-fari yana ɓarewa, ko ya yi ƙananan tsaga, kiliya ce ta mutu. Ana yawan ganin haka a tsofaffin Corolla da Accord da suka daɗe a rana. Inji zai ba ta sheƙin mako ɗaya ya kuma gaggauta ɓarewarta. Gaya wa mai motar gaskiya ya kai ta feshi.

Yadda ake aikin

Shiri ɗaya ne ga duka biyun. A wanke mota da sabulun mota, a cire kwalta da ƙaron bishiya, a bi ta da yumɓun tsabtace fenti da ruwan sabulu har tafin hannu ya daina jin kaushi. A busar, a rufe robobin gilashi, baƙar roba, tambari da kaifin sassa da tef ɗin takarda. A yi aikin a inuwa, jikin motar a sanyaye. Baƙar mota da ta tsaya a ranar bazarar Abuja tana yin zafin da ba a iya ɗora hannu, mai kuwa a kan irin wannan ƙarfe bushewa yake yi nan take, ya yi ƙura ya manne. A lokacin hunturu a nemi wuri mai rufi da bango, a yayyafa ruwa a ƙasa. Ƙwayar yashi ɗaya da ta shiga ƙarƙashin soso za ta bar lanƙwasassun zane a duk inda injin ya bi.

Fara da gwaji a kan bonet, wuri mai faɗin santimita 40 zuwa 50 kowane gefe, da haɗin da ya fi laushi. Idan bai isa ba, sai a ƙara kaushi mataki ɗaya. Man da ake samu sun haɗa da Meguiar's M105 na ci da M205 na gamawa, Menzerna 400, 2500 da 3500 daga kaushi zuwa laushi, da Farécla G3 wanda masu fenti suka saba da shi, ana yin sa da rotari ana ɗan yayyafa ruwa. Launin soso ba ƙa'ida ba ne, rawayan wani kamfani na ci ne, na wani na gamawa. Matsa shi da yatsa ka ji taurinsa, ka karanta kwalinsa.

Da DA: ɗigon mai huɗu ko biyar masu girman ƙwayar wake a kan soso, a dangwala a wurin, a baza da gudu na 1 ko 2, sannan a hau 4 zuwa 5. Faifai ya kwanta sosai. Hannu ya tafi a hankali, santimita 2 zuwa 3 a daƙiƙa, kowane layi ya hau rabin na bayansa, a bi a tsaye sannan a kwance, sau huɗu zuwa shida. Ja layi da alƙalamin maka a bayan faifan domin ka riƙa ganin yana juyawa. Idan layin ya tsaya, rage dannawa ko gyara kwanciyar injin. Yawancin masu cewa DA ba ya ci, gudun hannu ne ya yi musu yawa ko faifai a tsaye yake ba su sani ba.

Da rotari: a baza da juyi 600 zuwa 900, a yi aiki tsakanin 1,200 da 1,500, a sauko 900 a zagayen ƙarshe ana sassauta hannu. Kada inji ya tsaya wuri ɗaya. A kusa da kaifi, a riƙe shi yadda faifan zai riƙa fita daga bakin sashen, ba ya shigo ya daki bakin ba. A riƙa taɓa wurin da bayan hannu, idan ya wuce ɗumi a koma wani wuri. Wayar injin ta bi ta kan kafaɗa.

Bayan kowane sashe a share da tawul ɗin maikirofaiba mai tsabta, a fesa ruwan da aka haɗa da sifirit na aisofurofil kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari domin cire maiƙo, a duba da tocila mai ƙarfi ko a fito da motar rana. A tsabtace soso da burushi ko iskar kwamfuresa bayan kowane sashe, a canza shi bayan ɓangare biyu ko uku. Mota ɗaya tana buƙatar soso huɗu zuwa shida a kowane mataki. Soson da ya jiƙe da mai ya yi zafi ba ya ci, kuma gam ɗin bayansa yana sakewa. Mai idan ya yi yawa yana fantsama ya rage ci, idan ya yi kaɗan soso yana gudu a bushe ya bar hazo.

Mota salun ɗaya, mataki ɗaya da DA, yakan ci awa 4 zuwa 6. Mataki biyu aikin yini ne da ɗoriya. Wanda ya ce zai gama folish cikin minti 40 kana zaune, maiƙo zai shafa maka.

Wa ya dace da wanne

Mai mota da zai kula da tasa da ta iyali, DA mai milimita 8 ko 15 ya ishe shi har abada. Mai milimita 8 yana karɓar ƙaramin faifai na milimita 75, wanda ke shiga bamba da ginshiƙan gilashi, sai dai yana da jinkiri. Mai wurin wanki da zai riƙa karɓar motocin mutane ya sayi mai milimita 15 da faifai 125, domin shi ya fi dacewa da lanƙwasar Camry, Accord da Lexus. Mai milimita 21 da faifai 150 na manyan bango ne, Hiace, Sienna, Prado, a ƙaramar mota yana yawan tsayawa. Waɗannan masu dogon kaɗawa an daidaita nauyinsu da girman faifan da suka zo da shi, idan aka canza girgiza za ta ƙaru, bodis, wato ƙwallayen da sandar injin ke juyawa a kai, ya mutu da wuri.

Mai fenti da ke bin sabon feshi da sanfefa domin cire ƙura da kwararar kiliya, rotari ne kayan aikinsa, kuma shi ya san kaurin da ya fesa. Amma ya ƙara da DA na gamawa, musamman a baƙi da shuɗi mai duhu. Ya kuma nisanta duk wani mai ko kakin mota mai silikon daga wurin feshi, domin ƙurarsa kaɗan tana sa sabon fenti ya fito da ƙananan ramuka. Wanda ke son koyon rotari ya sayo tsohon bonet a Zuba ko Apo, ya ƙona shi da gangan a tsakiya da baki, ya ga daƙiƙa nawa abin ke ɗauka, kafin ya taɓa motar wani.

A wajen saye

Duba takardar jikin injin. Wutarmu bolt 230 ce, injin da aka kawo daga Amurka na 120 ne, idan aka soka shi kai tsaye ya ƙone. Zaren sandar rotari ma iri biyu ne, M14 na Turai da Asiya, da inci 5/8 na Amurka, kuma faifan ɗaya ba ya shiga ɗaya. Ka gwada a shago. Nemi inji mai tashi a hankali, mai riƙe gudunsa idan an danna, kuma ka tambayi gawayin da ke cikin motar lantarkinsa, ka sayi biyu ka ajiye. Ana samun jabun manyan sunaye a kasuwa, farashin da ya yi araha fiye da kima alama ce.

Wuta ma tana cikin lissafi. Ƙaramin janaretan nan da bai kai wat 1,000 ba ba zai ɗauki rotari mai 1,200 ba, gudu zai riƙa hawa da sauka, motar injin ta yi zafi. DA mai wat 500 ya fi sauƙi a kan janareta ko inbata. Doguwar waya siririya tana rage ƙarfin wuta, a nemi mai kaurin murabba'in milimita 1.5 ko 2.5.

Fentin da aka goge tsirara yake, dole a rufe shi ranar da kakin mota, ko ruwan kariya irin sila ko seramik. Sabon feshi ne kaɗai ake jinkirta wa rufewar, kwana 30 zuwa 90 gwargwadon abin da kamfanin fentin ya rubuta, domin tina ta gama fita. Sannan a zauna da wanda ke wanke motar kullum a nuna masa: a fara watsa ruwa ya sauke ƙura, bokiti biyu, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraya, tsumman taya daban, a busar kafin ruwan bohol ya bushe da kansa, kashin tsuntsu da na jemage kuma a jiƙa a ɗauke shi a ranar, domin a zafin nan kwana ɗaya ko biyu ya ishe shi ya ci kiliya.